Faifan Umma a Shagon Injiniya

Wata uku ke nan cif rabon da Auta ta sa Injiniya a idonta. Son da take masa bai ragu ko kaɗan ba. Baba ne ya yanke hukunci, kuma a gidansu idan Baba ya yanke hukunci ko bangon falo ya san an gama magana. Shekara talatin ya yi yana hedimasta, ya yi ritaya, amma har yau idan ya buɗe baki sai ka rantse a filin taron ɗalibai yake.

"Duk faɗin garin nan ki rasa wanda za ki kawo mini sai yaron da na kora daga makaranta da hannuna?" Abin da ya ce ke nan ranar da ta kai masa zancen. "Yaron da ya ɗauke na'urar bidiyon makaranta? Ban haifi 'yar da zan ba ɓarawo ba."

"Baba, shekara goma sha biyar fa ke nan. Yanzu shagonsa gare shi, kowa shaidar kirki yake masa."

"Na gama magana."

Daga ranar ba ta sake bi ta layin shagonsa ba. Takan tafi ɗakin magani na asibitin da take aiki, ta dawo, ta rufe ƙofa ta sha kukanta. Shi ma Injiniya, wanda unguwa ta laƙaba wa wannan suna don babu na'urar da ke gagarar hannunsa, saƙo ɗaya ya turo mata: "Ki bi maganar Baba. Ina nan." Bai ƙara ko harafi ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta kawo Manaja.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai bayan rasuwar iyayensu, don haka ita kaɗai ce a duniya ke iya katse shi yana magana. Manaja kuwa ɗan aminiyarta ne, shi ke shugabantar wani kamfanin kayan gini. Ba shi da wani mugun hali da Auta za ta nuna. Abin da ke damunta da shi kawai, ko gaisuwa yake yi sai ya duba agogo.

Ranar Asabar da hantsi ya zo da talabijin wadda sai da aka karkata ta kafin ta shiga ƙofa. Ma'aikatansa suka kafe ta a bango, ta cinye rabin falon.

"Ka gani ko?" in ji Gwaggo, tana tafa hannu. "Wannan shi ne suruki. Bai ma shigo gidan ba ya fara haskaka shi."

 Baba ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya jima, sannan ya fito da wata farar ambulan da gefenta ya fara rawaya. Ya zaro faifai daga ciki, yana riƙe da shi da hannu biyu.

Gaban Auta ya faɗi. Ta san faifan.

Shekara shida da suka wuce Yaya, babban wansu da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, ya zo hutu da kyamara, ya ɗauki Umma a tsakar gida, ya buga a faifai ya bar musu. Bayan shekara biyu Umma ta rasu. Tsohuwar dibidinsu, na'urar da ke kunna faifai, ta ƙone wata rana da wuta ta zo da ƙarfi, kwamfutar Yaya kuma ta lalace da duk abin da ke cikinta. Wannan faifan shi kaɗai ya rage. Tun rasuwarta Baba bai taɓa ambatonsa ba, har Auta ta ɗauka ya manta da shi.

"Ta ina ake saka wannan?" Baba ya tambaya, yana leƙa gefen talabijin ɗin.

Manaja ya yi dariya. "Haba Baba, ai an daina yayin faifai. Wannan komai ta intanet take kamawa. Duk fim ɗin da ke cikin faifan nan zan nemo maka wanda ya fi shi."

Baba ya dube shi, ya dubi faifan, ya mayar da shi cikin ambulan a hankali.

"Na gode da ɗawainiya," ya ce.

Bayan Manaja ya fita zai sauke Gwaggo a gidanta, Baba ya kira Auta. Ta same shi zaune a bakin gado, ambulan a cinyarsa.

"Ɗauko mayafinki, za ki raka ni kasuwa."

"Yanzu, Baba? Rana ta yi zafi."

"Yanzu." Sannan ya ce da wata irin murya da ba ta san shi da ita ba, "Jiya na so in tuna yadda uwarki ke kiran sunana, na kasa. Fuskar tana nan. Muryar ce ta fara ɓace mini."

Auta ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

A hanya ya kira Yaya, ya sa Auta ta rubuta abin da Yaya ya ce a bayan ambulan, ɗaya bayan ɗaya kamar tambayoyin jarrabawa. A nemi dibidi wadda ke karanta tsofaffin faifai da aka buga a gida. A nemi mai shiga intanet, don Baba ya riƙa ganin bidiyon jikokinsa da Yaya ke ɗorawa, ya huta da matse ido a kan wayar Auta. A tabbata kebul ɗinta ya shiga sabuwar talabijin.

Shagon farko wayoyi da talabijin ne kawai. Mai shagon ya kalli faifan kamar an nuna masa tsohon kwabo.

A na biyu aka zaƙulo wata daga ƙarƙashin kanta, duk ƙura. Aka saka faifan. Ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta tofo shi waje.

"Alhaji, faifan nan ya mutu," in ji mai shagon. "Dubi yadda ya karce. Sai haƙuri."

Baba ya karɓa ya mayar da shi cikin ambulan.

Shago na uku na wani dattijo ne mai sayar da rediyo. Ya ɗaga faifan a haske, ya girgiza kai.

"Ni ba ni da irin na'urar da kuke nema. Amma kada ku yarda ya mutu sai kun ji daga bakin mutum ɗaya. Ku miƙe layin nan, shago na ƙarshe a hannun dama. Ku ce Injiniya kuke nema. Idan shi ya ce ya mutu, to ku yi masa addu'a."

Suka fito. Baba ya tsaya cak a tsakiyar rana, masu babur suna kauce masa. Auta ta sunkuyar da kai.

"Kin san nan za a turo mu?"

"Na sani, Baba. Tun a gida na sani."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka ce kada in sake ambaton sunansa."

Ya daɗe yana kallon ambulan. Ta ga yana kokawa da kansa, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ciniki zan je yi," ya ce daga ƙarshe. "Ba ki san shi ba, bai san ki ba."

Shagon dogo ne, siriri. Bangon hagu cike yake da talabijin na sayarwa, manya da ƙanana, jere har kusa da rufi, duk a kashe. A can ciki akwai tebur mai fitila, ga ƙananan sukurori a cikin murafan kwalba, ga warin dalma da aka narka. Injiniya na sunkuye a kan cikin wata rediyo.

Ya ɗago. Idonsa ya fara sauka a kan Auta. Ta ga ya rame, ta kuma san shi ma ya ga ta rame. Sannan ya ga wanda ke gabanta. Abin da ke hannunsa ya suɓuce. Ya zagayo da sauri ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Malam."

"Dibidi nake nema," in ji Baba, yana kallon bango. "Karanta masa."

Auta ta karanta abin da ke bayan ambulan. Injiniya ya saurara bai dube ta ba. Ya jawo wa Baba kujera, ya goge ta da hannun rigarsa, sannan ya sauko da kwali uku ya jera a kan kanta.

"Wannan ƙaramar faifai kawai take ci, ba ta san intanet ba. Waɗannan biyun duka suna shiga. Idan aka haɗa su da intanet ɗin gida ko na waya, za ka kalli labarai, karatu, da duk abin da Yaya ya ɗora, da rimot ɗaya."

Baba ya nuna babbar, baƙa mai sheƙi. "Wannan ce ta fi tsada?"

"Ita ce, Malam."

"To ita za ka ba ni."

"Da dai ba ita ba."

Baba ya juyo, karon farko ya dube shi sosai. "Ka raina aljihuna ne?"

"Wane ni, Malam. Ita don sababbin faifai na kamfani aka yi ta, hotonta ya fi na kowacce. Amma tana da tsirfa. Faifan da aka buga a gida, idan ya tsufa, sau da yawa ƙin sa take yi. Wannan ta tsakiyar ba ta da kyan gani, amma tana da haƙuri. Idan ta iske karce ba ta tsayawa, lallaɓawa take yi ta wuce. Rimot ɗinta ma maɓallansa manya ne, ba sai ka nemi tabarau ba. Ita zan saya wa mahaifina."

 Baba ya miƙa masa ambulan.

Injiniya ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya riƙe faifan ta gefe, ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Me ke ciki, Malam?"

Baba ya kawar da kai gefe.

"Ummata ce," in ji Auta a hankali.

Injiniya ya runtse ido na ɗan lokaci. "Allah ya jiƙanta. Ba zan yi alkawari ba, karcen ya yi zurfi a wuri biyu. Amma a ba ni lokaci."

Ya ɗiga wani farin ruwa a kan faifan, ya sa ƙyalle mai laushi yana gogewa daga tsakiya zuwa baki, daga tsakiya zuwa baki, ba gaggawa. Ya duba, ya sake. Wani mai saye ya shigo neman batir, ya ce masa ya yi haƙuri ya dawo anjima. Ya shafe kusan rabin awa a haka. Auta tana kallon yatsunsa, tana addu'a a zuci, ita kanta ba ta san ko faifan take roƙa wa ko kanta ba.

Ya buɗe kwalin ta tsakiyar, ya jona ta, ya saka faifan.

Na'urar ta yi 'yar ƙara. Ta yi shiru. Ta sake yi.

A ruɗewar da yake ciki, Injiniya ya manta cewa kebul ɗin da ya ɗauka shi ne wanda ke raba hoto ga duk talabijin ɗin bango. Yana danna maɓallin wuta, gaba ɗayansu suka farka lokaci guda.

Sai ga Umma.

Umma a sama, Umma a ƙasa, Umma a babbar talabijin ta tsakiya da girmanta kamar mutum a tsaye. Goma sha huɗu, bango guda, duk ita ce. Tana zaune a kujerar tsakar gidansu, shanya na kaɗawa a bayanta, tana ɗinke maɓallin rigar Baba, zaren a bakinta. Ta ɗago ta ga kyamara, ta kare fuska da rigar.

"Kai, cire mini wannan abu daga fuska! Ko ɗankwali ban gyara ba."

Dariyarta ta cika shagon, ta fita har titi.

Auta ta matso kusa da babbar talabijin ɗin. Ga ɗan tabon ƙuna a bayan hannun Umma. Ga yadda take karkata kai idan za ta zura allura. Abubuwan da Auta ba ta ma san ta manta ba, ga su nan suna motsi, suna numfashi.

Hoton ya tsaya. Fuskar Umma ta daskare, ta farfashe gida-gida. Baba ya miƙe zumbur, ya ɗaga hannu kamar zai tare ta.

"Karcen ne, Malam," Injiniya ya ce ƙasa-ƙasa. "A bar ta. Za ta wuce."

Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Sai fuskar ta haɗe. Umma ta juya wajen ƙofar ɗaki ta ɗaga murya.

"Malam! Shayinka fa zai huce!"

"Ina zuwa," in ji Baba.

A fili ya faɗa, da ƙarfi, a tsakiyar shago. Sai da ya ji muryarsa sannan ya gane abin da ya yi. Ya koma kan kujera a hankali, ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Auta ba ta taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar rasuwar.

A bakin ƙofa mutane sun taru, mai lemo, tela na maƙwabta, wata mata da jakar cefane. Babu wanda ya yi tari. Wani ya cire hula. Suka tsaya har faifan ya ƙare, minti goma sha tara, sannan suka watse ɗaya-ɗaya kamar masu fitowa daga gaisuwar mara lafiya.

"Ikon Allah," Baba yake ta maimaitawa. "Ikon Allah."

Injiniya ya bari ya natsu, sannan ya ce, "Malam, faifai ba ya daɗewa. Idan ka yarda zan kwafe shi a ɗan filas, ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, in tura wa Yaya ma. Na'urar tana da ramin filas a gaba. Shi faifan sai a adana shi."

Baba ya gyaɗa kai.

"Saura intanet, a gwada a gabanka."

Ya haɗa ta da wayarsa. Auta ta faɗa masa inda Yaya ke ɗora bidiyo, ya rubuta da rimot. Sai ga ƙaramar 'yar Yaya, wadda Baba bai taɓa ɗauka ba, tana tafiyar farko a wani ɗaki mai nisan dubban mil, tana tangaɗi, tana faɗuwa a cinyar uwarta. Jiya aka ɗauka.

Baba ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya leƙa bayan na'urar. Ya shafa samanta.

"Wancan na gane, tana cikin faifai. Wannan fa? Babu faifai, babu komai. Ta ina suke shigowa?"

Injiniya ya yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Tambayar da na yi ke nan, Malam, ina ɗan shekara goma sha huɗu."

Ya ajiye rimot ɗin, ya ci gaba.

"Ranar da aka kunna mana bidiyo a aji, ban taɓa ganin irinsa ba. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, ina tunanin ta ina mutanen suke shiga. Na ɗauke shi, Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kai gida na kwance shi, da niyyar in gani in mayar kafin Litinin. Na kwance, na kasa haɗawa."

"A buhu na tsince shi a ƙofar ofishina," in ji Baba a hankali. "Gunduwa-gunduwa. Kowane sukuru an naɗe shi a takarda."

"Don kada ko ɗaya ya ɓata. Na ɗauka wani zai iya haɗawa."

"Ni kuwa na ɗauka raini ne. Na ɗauka ka sayar da na sayarwa ka watso mini saura." Baba ya dafe goshi. "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a tambaye ni ba, Malam. An ce in kwashe littattafaina."

Auta ta toshe bakinta da mayafi, kukan ya ƙi toshuwa.

"Ban riƙe ka ba," Injiniya ya ci gaba, idonsa ya yi ja. "Laifi na yi. Daga nan na tafi wajen wani mai gyara, shekara bakwai ina share masa shago yana koya mini. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk garin nan kowa ya yarda ya bar mini kayansa ya tafi, sai mutumin da na fi so ya yarda da ni."

 Baba ya mayar da tabaransa.

"Nawa ce?"

"Malam, don Allah ka bar shi. Don Umma."

"Ciniki na ce na zo yi."

Ya biya yadda aka rubuta a jikin kwali, bai nemi ragi ba. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ni ban iya haɗa waɗannan wayoyi ba. Ka kawo ta gida da la'asar."

Da la'asar ɗin motar Manaja ce ta fara tsayawa a ƙofar gida. Gwaggo ta shigo da fara'arta, shi yana biye da ita.

"Na gama magana da uwarsa," ta ce tun kafin ta zauna. "Sati mai zuwa manyansa za su zo. Ke kuma ki saki fuskar nan, kin tsaya kamar an aiko miki da sammaci."

Auta ta dubi Baba. Baba yana kallon ƙofa.

Aka yi sallama.

Injiniya ya shigo da kwali a hannu, ya canza riga, ya durƙusa ya gaida kowa. Gwaggo ta ƙura masa ido, ta gane shi, fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila.

"Me wannan yake yi a nan?"

"Na'ura ya kawo mini," in ji Baba.

"To ya ajiye ya fita."

Manaja ya gyara zama. "Baba, da ka faɗa mini ai da na aiko a haɗa maka. Ba sai an shigo da kowa da kowa cikin gida ba."

"Na faɗa maka da safe. Dariya ka yi." Baba ya nuna kujerar da ke kusa da shi. "Ajiye kwalin. Zauna."

Injiniya ya tsaya, bai san ta yi ba.

Gwaggo ta miƙe. "Ni za ka kunyata? Ni da na goya ka, na hana kaina aure shekara biyar don kada ka yi maraici? Na ba mutane baki, na ce ƙanena ba ya tsallake maganata. Da wane ido zan kalli aminiyata? Wallahi idan yaron nan ya zauna a kujerar nan, na bar gidanka ke nan."

"Yaya, ki zauna mu yi magana."

"Babu maganar da za a yi! Kai da bakinka ka kira shi ɓarawo."

"Na kira shi. Na yi kuskure."

Auta ta ɗago da sauri. Tun da take a duniya ba ta taɓa jin wannan kalma a bakin Baba ba. Gwaggo ma sai da ta ja da baya.

Baba ya juyo wajen 'yarsa.

"Auta, zo nan. Wata uku kina ramewa a gabana ina yi kamar ban gani ba. Ga Gwaggonki, ga ni, ga su su biyu. Faɗi abin da ke ranki, kada ki ji tsoron kowa."

Ta zube a gaban Gwaggo, ta kama gefen zanenta, hawaye na zuba.

"Gwaggo, ke ce uwar da ta rage mini. Ke kika kwana da ni a asibiti lokacin jinyar Umma, ban manta ba, ba zan manta ba. Da abin da zan iya ne wallahi da na yi miki. Na gwada, Gwaggo. Kullum sai na ce wa zuciyata ta haƙura, ta ƙi. Manaja bai yi mini komai ba, ya cancanci wadda za ta so shi. Idan na aure shi na cuce shi, na cuci kaina." Ta haɗiye kuka. "Injiniya nake so."

Manaja ya tashi. Ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ɗauki makullinsa, ya yi wa Baba sallama a ladabce, ya fita.

Gwaggo ta zare zanenta daga hannun Auta, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Kun zaɓa," ta ce. "Allah ya ba da sa'a. Kada wanda ya neme ni."

"Gwaggo! Gwaggo, don Allah!"

Ƙofar gida ta buga. Auta ta ci gaba da shessheƙa.

Baba ya daɗe yana kallon inda yayarsa ta tashi. A 'yan mintocin nan Auta ta ga kamar ya ƙara shekara goma. Ya juya ga Injiniya, wanda har yanzu ke tsaye.

"Na ce ka zauna."

Ya zauna a bakin kujerar.

"Na ba ka ita," in ji Baba. "Kuma ba zan janye ba. Amma ku ji ni da kyau, ku biyun. Matar da ta fita yanzu ita ce uwata, ita ce ubana. Ba za a yi auren 'yata ba tana waje. Ban san yadda za ku yi ba, ni shekara sittin ina tare da ita ban taɓa ganin ta janye rantsuwa ba. Ranar da kuka dawo mini da ita falon nan da ƙafarta, ranar za a sa rana."

Auta ta ɗago jajayen idanunta ta dubi Injiniya, karon farko cikin wata uku ba tare da tsoro ba. Shi ma ita yake kallo.

"A ina gidanta yake?" ya tambaya.

Auta ta share fuska, ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Tashi," ta ce. "Ba ta kai bakin titi ba tukuna."